Hanyar Mambila

Hassana da Hussaina tagwaye ne, amma ko suna jarirai ba a taɓa rikita su ba. Hussaina ta taso da jiki da ƙarfi irin na dangin ubansu. Hassana kuwa ta taso siririya, idanunta da ɗan rawaya-rawaya, da cutar sikila da aka gano tun ba ta fara tafiya ba. Ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha a gidan marigayi Malam Dogara mai ɗinkin riguna a Kwarbai cikin birnin Zariya, amma ɗaya ce kawai ta ɗauko ciwon. Hussaina ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma tun tana yarinya take jin kamar ita ta kwashe lafiyar da ya kamata su raba biyu.

Da aka yi mata aure ba a kai ta nesa ba, nan Kusfa ne. Kullum in ta taso daga firamaren da take koyarwa, sai ta biyo ta lungun masu ɗinkin hula ta leƙa gida kafin ta wuce. Ita ke sanin ranar asibiti, ita ke matsa wa Hassana ta sha ruwa, kuma ita ke gane ciwon yana tafe tun kafin ya iso, daga yadda 'yar'uwarta ke fara murza gwiwa tana rage magana.

Sana'ar Hassana ɗaukar hoto ce. Ta koya a wajen wata malama a unguwar Kongo, kuma da yake gidaje da yawa a cikin birni ba sa barin namiji ya shiga wajen mata da kyamara, kusan duk kamu da suna da walimar sauka ita ake nema. Wannan dai na neman abinci ne. Abin da ranta ke so shi ne hoton ƙasa: ragowar ganuwa bayan an ɗauke ruwa, tsofaffin rimaye da sassafe, kududdufi lokacin da rana ta faɗa cikinsa. Mahaifiyarsu Iya takan leƙa kwamfutar ta ce, "Hoto babu mutum a ciki, wa zai saya?" Hassana sai ta yi dariya ta ce ai ba na sayarwa ba ne.

A wani biki ne a farkon damina wani buri ya shiga ranta. Wata gwaggon ango da ta zo daga Gembu ta nuna wa mata bidiyo a wayarta, suna mamakin nisan da ta sha. Hanya ce ta nannaɗe dutse kamar an naɗa masa rawani, mota tana sama, gajimare kuwa yana ƙasa da ita, fari sol, ya cika kwari. Hassana ta roƙi matar ta tura mata. Da Hussaina ta biyo da yamma ta same ta zaune a kan tabarma ko mayafi ba ta cire ba.

"Hussaina, zo ki gani. Kin san akwai inda mutum ke kallon gajimare a ƙarƙashinsa? Ba a jirgi ba fa, a mota. A ƙasar nan."

"Ina ne?"

"Mambila. Jihar Taraba. Zan je in ɗauko shi da hannuna."

Hussaina ta ɗauka irin maganganun nan ne da kan zo su wuce. Bai wuce ba. Duk daminar nan ba a yi wata hira a gidan ba sai ta Mambila. Hassana ta haddace garuruwan hanya kamar mai shirin jarrabawa. Ta samo lambar wani direba da ke jigila tsakanin Jalingo da Gembu, ta dame shi da tambaya har ya fara kiranta da kansa in ya ga yanayi mai kyau. Ta san inda hawan ke farawa bayan Mayo Selbe, ta san kwanar da ake iya tsayar da mota ba tare da an tare wa manyan motoci hanya ba, ta san ta wane ɓangare rana ke fitowa a wajen.

Babban wansu, Yaya Bashir, ma'aikacin gwamnati ne mai tsohuwar mota da yake ji da ita. Ran wata Juma'a da ya zo gaida Iya, Hassana ta tare shi da taswira a waya.

"Yaya, duba nan. Ta Jos za mu bi, mu wuce Bauchi mu kwana a Gombe. Washegari Numan, Jalingo. Daga nan Bali, sai Serti. A Serti dole mu kwana, don hawan da asuba ake yinsa. In rana ta ɗaga, gajimaren ya watse, an yi zuwan banza."

"Wa ya ce miki zan je?"

"Kai za ka ce yanzu."

"Motar nan tawa fa ko gadar Kwangila za ta hau sai ta yi tari."

"Sai a kai ta wajen bakanike tun yanzu. Ƙarshen damina za mu tafi, ruwa ya ja baya amma ciyawa ba ta bushe ba."

Iya tana gefe tana tsince shinkafa. Ta ce, "Ni dai ban gane ba. Duwatsun Zazzau sun ƙare ne, da za a kwana a hanya don a je kallon na wasu?" Amma ba ta hana ba. Ta ja Hussaina gefe daga baya ta ce mata, "Ki bar ta. Rabon da in ga ta cinye tuwo har ta nemi ƙari na manta. Na ce wa yayanku ya nemi hutu."

Haka kuwa aka yi. Yaya Bashir ya nemi hutu, ya canja tayoyi. Mijin Hussaina, wanda take kira Abban Hanan, ya yarda ta bi su, 'yarsu za ta zauna wajen kakarta. Tagwayen suka shiga kasuwar Sabon Gari suka zaɓo rigunan sanyi a gwanjo, da safar hannu wadda Hassana ta yanke wa kan yatsu don ta ji maɓallan kyamara. Ta ari ƙafar kyamara mai tsawo wajen malamarta. Da ta idar da sallar asuba sai ta hau soro ta kafa ta, tana gwada yadda za ta kama haske kafin rana ta fito sosai. Ta yi ƙiba kaɗan. Har maƙwabta suka lura.

Ranar asibiti ta zo, suka tafi tare kamar kullum. Likita Sa'adatu ce ke duba Hassana tun tana 'yar sakandare, don haka ana gama gwaje-gwaje Hassana ta ciro waya ta nuna mata bidiyon, tana ba ta labarin hanya da murna. Likitar ta kalla har ƙarshe. Sannan ta ajiye biro ta cire tabarau.

"Hassana, wurin nan sama ne sosai. Iskar da ake shaƙa a can ba ta kai ta nan ƙarfi ba. Mai lafiya ba zai ji komai ba, amma jininki ba ya son haka. Ga sanyi. Ga zaman mota mai tsawo, kuma kin ga hoton ƙugunki, ƙashin ya fara cinyewa. In ciwo ya tashi miki a kan dutsen nan, kafin a sauko da ke inda za a iya ƙara miki jini an daɗe."

"Likita, zan sha ruwa sosai. Na sayi rigunan sanyi."

"Na sani. Ni ba zan ɗaure ki ba, ke ba yarinya ba ce. Amma da 'yata ce ba zan bar ta ta je ba."

Suka hau keke suka kamo hanyar gida, har suka shigo Ƙofar Doka. Hassana ce ta fara magana, ba tare da ta juyo ba.

"Kada ki faɗa wa Iya. Kada ki faɗa wa Yaya."

"Hassana, kin ji fa abin da ta ce."

"Na ji. Tun ina yarinya nake ji. Kada ki yi gudu, kada ki taɓa ruwan sanyi, kada ki yi azumi, kada ki yi nisa. Na bi duka. Ciwon ya fasa zuwa? A kan gadona yake samuna. Ke kin je Legas kin ga teku. Ni in ban da hanyar asibiti wace hanya na sani?"

"In wani abu ya same ki fa?"

"Ai zai same ni ko ina nan. Ki rantse ba za ki faɗa ba."

Hussaina ba ta rantse ba, amma ba ta ce a'a ba, kuma su biyun sun san hakan alkawari ne.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mata nauyi. In ta faɗa, ta san da hannunta ta kashe abin da ya tayar da 'yar'uwarta zaune. In ta yi shiru, ita za ta riƙe mata jaka su hau dutsen. Ta gaya wa Abban Hanan, ya ce maganar ba ta shiru ba ce, ta je ta sami Yaya Bashir. Ta je har gidansa da niyyar faɗa. Ta same shi a ƙofar gida yana wanke mota yana mata bayanin sabon birkin da aka sa, yana cewa bai taɓa ganin Hassana cikin farin ciki irin wannan ba. Ta tsaya tana saurare, ta yaba tayoyi, ta gaida matarsa, ta dawo da maganarta a ciki. A aji sai ta tsinci kanta riƙe da alli ta manta abin da take rubutawa.

Daga ƙarshe ta samo wata dabara da take gani tsaka-tsaki ce. Ta ce wa Hassana, "Mu gwada dutsen Kufena. In kin hau kin sauko lafiya, ba zan ƙara ce miki komai ba." A ranta tana fatan gajiya ta tsayar da Hassana a rabin hanya, ta gane da kanta, dutsen ya faɗa mata abin da ita ta kasa faɗa. Hassana ta amince nan take, har tana cewa dama tana son ta gwada ƙafar kyamarar a kan dutse.

Ran Asabar da hantsi Yaya Bashir ya kai su. Gari ya yi luf, gonakin dawa sun yi kore shar har gindin dutsen. Hassana ta fara hawa a hankali, tana tsayawa tana shan ruwa, Hussaina na bayanta tana jiran ta ce ta gaji. Ba ta ce ba. Tana ɗingisa ƙafar hagu, gumi ya jiƙa mata goshi, amma ta ci gaba, har suka kai wani faffaɗan wuri can sama inda ake hango birni gaba ɗaya. Ta kafa kyamara ta shiga ɗauka. Ta nuna musu hasumiyar masallacin Juma'a, ta ce ga wajen Kwarbai can, ta yi ta dariya iska na kaɗa mata mayafi.

"Kin gani ko?" ta ce wa Hussaina. "Kin ce ba za ki ƙara magana ba."

Hussaina ta yi murmushin yaƙe. Dabarar ta juye mata.

Babu wanda ya lura da hadarin sai da iska ta canja. Daga gabas ya taso, baƙi ƙirin, irin na bankwanan damina da ba ya ba da sanarwa. Yaya Bashir ya ce su tattara. Kafin Hassana ta kwance kyamarar daga ƙafarta ruwa ya sauko, mai sanyi kamar daga firji. Babu bishiya, babu kogo kusa. Hassana ta cire rigar sanyin da ke jikinta ta naɗe kyamarar da ita. Hussaina ta daka mata tsawa, ta fizge nata hijabin ta lulluɓa mata, ta rungume ta tana kare ta da bayanta, amma ruwan ta ko'ina yake zuwa. Dutsen ya yi santsi, dole suka riƙa saukowa da zaune, taku ɗaya bayan ɗaya.

Ba su kai rabi ba Hassana ta daina magana. Hussaina ta ga hannunta ya tafi gwiwa. Can sai ta durƙushe, ta saki wata ƙara da Hussaina ta sani tun suna yara, wadda ba ta taɓa sabawa da ita ba. Yaya Bashir ya goya ta. Ya riƙa lalubo wurin taka ƙafa, duk motsin da ya yi sai ta yi ihu ta ce ƙugunta, bayanta, ƙirjinta. Hussaina na biye da su ɗauke da jaka da ƙafar kyamara, tana ta salati, babu abin da za ta iya yi ko da na riƙe mata hannu.

A cikin mota, kan Hassana na bisa cinyarta, maganar ta fito da kanta.

"Yaya, likita ta ce kada ta je Mambila. Tun watan jiya ta faɗa. Ni na ce mu zo nan."

Ya dube ta ta madubi sau ɗaya, ya mayar da ido kan titi. Ya ƙara wa motar wuta har suka isa asibiti.

Wannan karon ciwon ya yi tsanani fiye da duk wanda suka taɓa gani. Ya sauka a ƙirji, aka sa mata robar iska a hanci, aka ce ana buƙatar jini da gaggawa. Hussaina ta riga kowa miƙa hannu. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba ya girgiza kai, ya ce ai ita ma tana ɗauke da rabin abin a jininta, ko da yake ba ya damunta, kuma ba irinsa ake sa wa mai sikila ba. Ta ce masa ciki ɗaya suka fito. Ya ce ya sani, ya ba ta haƙuri. Abokan aikin Yaya Bashir ne suka zo suka bayar. Ita kuwa ta koma bakin gado ta zauna, tana jiƙa tawul da ruwan ɗumi tana ɗora wa Hassana a ƙafa, duk da ta san ba ya rage komai.

Ta yi ta jiran Iya ta yi mata faɗa. Iya ba ta yi ba. Ta dai ce, "Allah ya riga ya rubuta," ta ci gaba da jan carbi. Da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Hassana ta tashi, amma ba ta koma yadda take ba. Da sanduna biyu aka sallame ta. Likita Sa'adatu ta ce ƙashin ƙugun ya ƙarasa lalacewa, sai dai a fara maganar aiki nan gaba in jiki ya yi ƙwari. Hawa soro ya ƙare. Bukukuwan da aka riga aka yi mata magana duk aka ba wasu. Ta koma kwanciya a ɗakin Iya, fuska ga bango, tuwo kuwa sai an yi da gaske take cin loma kaɗan.

Wata rana da la'asar Hussaina ta shigo ta same ta zaune, kyamara a kan cinyarta.

"Hutun Yaya bai ƙare ba ko?"

"Da saura."

"To ki je min."

"In je ina?"

"Mambila. Ki ɗauko min. An gyara mota, an sayi kaya, ciyawa ba ta bushe ba tukuna. In aka bari sai wata shekara, kuma ni wata shekarar ma ba zuwa zan yi ba. Na sani yanzu."

"Hassana, ni ko da waya na ɗauki mutum sai na yanke masa kai."

"Zan koya miki. Zauna."

Hussaina ta so ta ce ba za ta iya barin ta a wannan hali ba, ta so ta ce ba ta son ganin dutse kuma har abada. Amma wannan ne karo na farko da Hassana ta nemi wani abu tun da aka sallamo ta. Ta zauna. Kwana da kwanaki ana koya mata: wannan maɓallin na buɗe ido ne, wannan na saurin ƙiftawa, in haske ya yi yawa ki juya nan, kada ki taɓa gilashin da yatsa, ki kafa ƙafar sosai kafin ki danna. Hussaina na gyaɗa kai, abin na shiga ta kunne ɗaya yana fita ta ɗaya. Daga ƙarshe Hassana ta saita komai da kanta ta ce, "Kada ki taɓa komai. Ki nufa kawai ki danna."

Suka tafi ita da Yaya Bashir. Hanya ta yi tsawo fiye da yadda take a taswira, ga shingayen jami'an tsaro, ga ramuka bayan Jalingo da suka sa motar ta riƙa kuka. Duk garin da suka shiga Hussaina ta riga ta san sunansa daga bakin 'yar'uwarta, har ta san na gaba. Kujerar baya kuwa babu kowa sai jakar kyamara da aka ɗaure da bel. Yaya Bashir bai taɓa tayar da maganar Kufena ba. Sau ɗaya dai, suna cin abinci a Bali, ya ce, "Ni ma da na sani da ban faɗa ba."

Suka kwana a Serti, suka tashi da asuba kamar yadda aka tsara. Bayan Mayo Selbe hanya ta fara hawa, tana lanƙwasa, dutse a hannu ɗaya rami a ɗayan. Kunnuwan Hussaina suka toshe. Sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Da suka kai kwanar da direban nan ya kwatanta wa Hassana, Yaya Bashir ya gangara gefe ya tsaya. Suka fito cikin fari. Gajimaren bai tsaya a ƙasa ba, a cikinsa suke, ko bayan motar ba a gani sosai. Hussaina ta kafa ƙafar kyamara, suka tsaya suna jira.

Sai iska ta taso, farin ya yage. Hussaina ta ga abin da ba ta da sunansa. Tsaunuka kore bayan tsaunuka kore har iyakar gani, kwari cike da gajimare a ƙarƙashin ƙafafunta yana motsi a hankali, rana ta taɓa gefensa ya yi ja-ja, can ƙasa kuma hanyar da suka biyo ta fito ta sake nutsewa. Ta daɗe baki buɗe kafin ta tuna abin da ya kawo ta.

Ta leƙa kyamara, ba ta ga komai ba sai dishi-dishi. Gilashin ya yi raɓa. Ta goge da gefen hijabi, ya ƙara dagulewa. Wajen gogewa yatsanta ya juya wani abu, lambobin da Hassana ta saita suka canja, ba ta san yadda za ta mayar da su ba. Ta ciro waya ta kira, babu sabis ko ɗigo. Ta ɗaga wayar sama, ta matsa gaba, ta dawo baya. Yaya Bashir ya karɓi kyamarar ya jujjuya, ya mayar mata, shi ma bai sani ba. Ta shiga dannawa kawai, tana juya maɓallan nan da can ko Allah zai sa ta dace, hawaye na hana ta gani, yayanta riƙe da hijabinta ta baya don kada ta matsa bakin ramin. Ba a jima ba rana ta ɗaga, gajimaren ya fara tsinkewa, ya watse.

Sun gwada washegari a hanyar saukowa, aka wayi gari da ruwa. Hutun Yaya Bashir kuma ya zo ƙarshe.

Da azahar suka shigo Zariya. Hussaina ba ta wuce Kusfa ba, kai tsaye ta yi Kwarbai. Hassana ta sa an jingina ta da filo, an ɗora mata kwamfuta a cinya, ta yi wanka har da sa kwalli. Ta karɓi kyamarar da hannu biyu ta zare katin ta saka.

Hussaina ta zauna a bakin gado tana kallon ƙasa. Tana jin ƙarar maɓalli, ɗaya bayan ɗaya. Ta san abin da ke ciki, ta duba a hanya. Wasu fari fat kamar takarda, wasu duhu, wasu tsaunin ya karkace kamar zai zube, kusan duka a dagule. Hassana ba ta tsallake ko ɗaya ba. Kowanne sai ta tsaya a kansa, wani ma ta matso da fuska kusa, har ta kai na ƙarshe. Sannan ta rufe kwamfutar a hankali.

"Kin yi ƙoƙari. Allah ya saka da alheri. Ki yi wa Yaya godiya."

"Ki yi min faɗa mana, Hassana. Na ɓata miki."

"Faɗan me? Ni na aike ki."

Iya ta leƙo da kwanon abinci, ta dubi fuskokinsu, ta ajiye ta fita. Hassana ta zame ta kwanta, ta juya wa ɗakin baya. Hussaina ta ɗauka shi ke nan, har ta fara neman takalmanta, sai ta ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya ƙamshin wurin yake?"

Hussaina ta koma ta zauna. Ta ce kamar ciyawa da aka yanka da safe, amma ba haka ba ne sosai. Ta ce akwai hayaƙin itace daga wata ruga da ba a ganinta, da kukan shanu daga ƙasa, can cikin farin. Ta ce tsaunukan kore ne, sai ta ji kalmar ta yi kaɗan, ta nemi wata ta rasa.

"Ci gaba," in ji Hassana. "Ina ji."

Ta ci gaba. Ta ba ta labarin wata mata mai sayar da ayaba a bakin hanya da jaririnta cikin hular ulu, da gonakin shayi da aka aske su daidai kamar kan yaro ranar sallah, da yadda motar Yaya ta yi zafi sai da suka roƙi ruwa a wani masallaci. Abin da ta gani a kwanar nan kuwa ta kewaye shi, ta sake kewaye shi, ta kasa shiga. Da labarin ya ƙare mata ta koma farko. Ba ta san ko Hassana ta yi barci ba ko idonta biyu, kuma ba ta leƙa ba. Ta dai ɗora hannu a kan ƙafarta ta ci gaba da magana har aka kira la'asar.